Idan ƙofar obin ta fara lilo

Mu masu gasa kek da biredi na sayarwa a Gwiwa, yawancinmu obin ɗin gawayi gare mu, irin wanda masu walda ke haɗawa. Abin da na fi ganin yana saki a jikinsa shi ne ƙofa. Za ki ga gawayi na saurin ƙarewa, kek na bakin ƙofa bai gasu ba, na ciki kuwa har ya fara ƙonewa. Kar ki ɗora wa fulawa laifi tukuna.

Ki bari obin ya huce sarai. Sa takarda a bakin ƙofar, ki rufe, ki ja. In ta zaro salin alin, to ta nan zafi ke gudu. Sai ki girgiza ƙofar, ki duba inda take maƙale, da kuma sakata. In noti ne ya kwance, sifana ko filaya ta isa: goge tsatsa, ki ɗaure, amma ba da ƙarfin tsiya ba, ƙarfen ba kauri gare shi ba.

In walda ce ta ɓalle, kar ki ɗaure da roba ko tsumma, wuta za su kama. Kai wa mai walda. In kuɗin hannunki bai kai ba, ki nemi ɗan rance a zaman ƙungiya na wannan mako.