Iskandariyya: Tafiyar da Ba ta Asibiti ba, Ba ta Kasuwa ba

Ranar da na shaida wa 'yan majalisarmu ta Gyadi-Gyadi cewa ina shirin zuwa Masar a watan Afrilu, tambayar farko da aka yi mini ita ce, "Waye ba shi da lafiya?" Na ce kowa lafiya lau. Aka ce, "To, kaya za ka saro?" Na ce a'a, birnin Iskandariyya nake son gani, ni kaɗai, na kwana biyar. Wani dattijo ya dube ni ya ce, "Ɗana, a wannan tsadar rayuwar?"

Ban ga laifinsu ba. A wurinmu, tafiya ƙetare sai da hujja: Hajji ko Umara, karatu, fatauci, ko jinya. Mu mazauna Tarauni, da ke maƙwabtaka da Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, mun saba ganin iyalan da suka sayar da fili don kai majinyaci Alƙahira. Ni ma na taɓa yin irin wannan tafiya da mahaifina. Mako uku muka yi, ban ga komai na Masar ba sai harabar asibiti da kantin magani. Shi kuwa burinsa ɗaya ne: in ya sami sauƙi, mu je Iskandariyya ya ziyarci kabarin Imam Busiri, mai ƙasidar Burda da yake rerawa duk watan Maulidi. Allah bai nufa ba. Mun dawo gida, ya rasu.

Tun daga nan nake tambayar kaina, don me sai ciwo ya kore mu sannan za mu fita ganin duniya?

Ga yadda na tsara tafiyar, ko wani zai amfana. Na zaɓi Afrilu domin lokacin da zafin bazara ke kai Kano maki 40, Iskandariyya, da ke gaɓar Bahar Rum, tana da sanyin iskar teku, kuma Misirawa masu hutun rani ba su cika ta ba tukuna. Sai dai akwai iskar Hamsin mai ƙura da ke tasowa a wannan lokaci, akwai kuma bikin Shammun Nasim, ranar da jama'a ke cika bakin teku. Mai son natsuwa ya kauce wa ranar.

Jirgin EgyptAir yana tashi daga filin jirgin Malam Aminu Kano zuwa Alƙahira. Daga tashar Ramsis, jirgin ƙasa zai kai mutum Iskandariyya cikin kimanin awa uku. Kafin nan, dole a tanadi biza, da fasfo mai sauran wata shida, da katin rigakafin shawara. Guzurina kuwa adashin shekara guda ne, wanda na riƙa canzawa kaɗan-kaɗan a Wapa, domin tun da aka saki darajar Naira a 2023, mai jiran ranar tafiya kafin ya nemi Dala yana iya shan mamaki.

Wurare uku na sa a gaba. Na farko, masallacin Busiri, da ke daura da na Abul Abbas Al-Mursi. Na biyu, ganuwar Sarki Ƙaitbay, wadda aka soma ginawa a 1477 a gurbin tsohuwar hasumiyar nan mai haska wa jiragen ruwa hanya. Na uku, sabon ɗakin karatun birnin da aka buɗe a 2002, don tunawa da wanda ya shahara a zamanin da.

Tafiyar mutum ɗaya tana da nata sharaɗi. Na nemi yardar mahaifiyata kafin in sayi tikiti, na bar wa iyalina adireshin masauki da kwafin takarduna, na kuma ajiye musu cefanen wata guda. Wanda hutunsa zai bar gida da yunwa, ko ya jefa shi cikin bashi, gara ya haƙura.

Amma wanda ya sauke nauyin da ke kansa, kada kunyar tambayar majalisa ta hana shi. Hausawa ne suka ce tafiya mabuɗin ilmi, ba su kuwa ce sai ta jinya ba. A jakata akwai tsohon kwafin Burda na mahaifina, wanda gefensa ya cinye saboda yawan buɗawa. In Allah ya kai ni, a can zan karanta masa ita.