Tashoshi Shida Masu Gadin Rana

Ranar 13 ga Maris 1989, wutar lantarki ta ɗauke a lardin Kwibek na ƙasar Kanada, mutane wajen miliyan shida suka shafe awa tara babu wuta. Kwanaki kaɗan kafin nan, rana ta yi aman wani ƙaton curin iskar gas mai ɗauke da maganaɗisu. Da ya iso duniya sai ya girgiza maganaɗisun da ke kewaye da ita, hakan ya cusa baƙuwar wuta a manyan layuka har suka katse.

Hasashen irin wannan guguwa yana farawa ne daga lura da baƙaƙen tabo a fuskar rana, wuraren da maganaɗisu ya murɗe ya cukurkuɗe. Tabon da ya fi rikicewa shi aka fi tsoron fashewarsa. Hasken fashewar yana iso mu cikin minti takwas, nan take ya shaƙe rediyon gajeren zango a ɓangaren duniya da rana ke haskawa. Curin gas ɗin kuwa yakan yi kwana ɗaya zuwa uku a hanya, a cikin wannan tazara ake gargaɗin kamfanonin lantarki da na jiragen sama.

Sai dai mai kallo daga ƙasa yana da maƙiya biyu: dare da hadari. Shi ya sa a 1995 aka kafa GONG, tashoshin kallon rana guda shida a Kalifoniya, Hawayi, Ostireliya, Indiya, tsibirin Tenerife da Chile. Rana na faɗuwa a Udaipur ta Indiya, tana tsaka a Tenerife, ba safai aiki ke yankewa ba. Cibiyar hasashe ta hukumar NOAA da ke Boulder a Amurka tana loda taswirar maganaɗisun da suke aikowa cikin kwamfuta, don ƙiyasta lokacin isowar guguwa. Tashoshin har bayan rana suke leƙawa: ta hanyar auna motsin sautin da ke ratsa cikinta, suna gano manyan tabo kwanaki kafin su juyo gabanmu.

Wani zai ce ai ga taurarin ɗan'adam. Amma su ma guguwar ba ta barin su. A Fabrairun 2022 ta kakkaɓo taurarin Starlink 38 jim kaɗan bayan harba su. Na'urar ƙasa kuwa idan ta lalace, ma'aikaci zai je ya kwance ta ya gyara. Wannan ne ya sa Kanada ta iya auna ƙarfin siginar rediyon rana kullum tun 1947, kuma har yau da wannan ma'auni ake lissafin yadda iska ke jan taurarin ɗan'adam ƙasa.