Injin yanka ƙarfe da haske: Aikin da ke jiran masu iya zane a kwamfuta

Duk wanda ke lura da sababbin gidaje a manyan garuruwanmu zai ga cewa ƙofofin get sun fara sauya kama. A da rodi ake lanƙwasawa da hannu a yi ado da shi. Yanzu kuwa sai ka ga fallen ƙarfe guda an huda shi da zanen fure ko dagin Arewa, tsaf kamar aikin allura. Wannan aikin injin leza ne, mai yanka ƙarfe da haske.

Injin yana tattara haske mai tsananin ƙarfi ya mayar da shi ɗan ɗigo, kamar yadda yara ke ƙona takarda da gilashi a rana. Zafin ya narkar da wurin, sai iskar gas ta hure narkakken ƙarfen ya zube ƙasa. Ana amfani da oksijin wajen yanka baƙin ƙarfe, naitirojin kuma ga ƙarfen da ba ya tsatsa. Kwamfuta ce ke jan kan injin, tana bin zanen da aka ɗora mata.

Theodore Maiman ne ya fara haɗa leza a Amurka a shekarar 1960. A 1967 kuma Peter Houldcroft ya yanka ƙarfe mai kaurin milimita 1 da ita a Ingila, da taimakon oksijin.

Sayen injin ba ƙaramin abu ba ne. Kuɗinsa miliyoyin naira ne, daga waje ake shigo da shi, kuma yana buƙatar wutar lantarki mai layi uku wadda ba ta rawa. To ina makomar mai walda na Kafin Hausa, idan masu gini suka koma son irin wannan ado? Ba sai ya mallaki injin ba. Zai iya auna ƙofa, ya tura zane ta waya zuwa ga masu injin a birni, a yanko masa, shi kuma ya haɗa, ya yi walda da fenti.

Inda gizo ke saƙar shi ne zanen. Injin ba ya karanta hoto, sai zane mai ma'auni da aka yi da manhaja irin su AutoCAD ko CorelDRAW. Aikin kuma yana son natsuwa. Idan ka zana harafin O ba ka bar masa 'yar gada ba, tsakiyarsa faɗuwa za ta yi. Idan ba ka jera zanen da kyau a kan falle mai ƙafa 4 da ƙafa 8 ba, ragowar ƙarfen asarar mai walda ce.

Nan ne ɗalibai ke da abin yi. Garin da ke da Jami'ar Sule Lamido tun 2013 bai kamata ya rasa matashin da zai zana ƙofa a kwamfuta ba. Mai sha'awa ya fara da zama a shagon walda, ya koyi awo da kaurin ƙarfe, don zanen da bai dace da firam ba takarda ce kawai.

Wanda kuma ya samu damar tsayawa kusa da injin, ya sani ido ba ya ganin hasken da ke yankan, amma yana iya makantarwa. Kada a kusance shi ba tare da tabarau na musamman ba.