Yunwar Ciki da Yunwar Zuci: Yadda Ake Shawo Kan Cin Abinci Saboda Damuwa

Masana halayyar ɗan Adam sun bambanta yunwa iri biyu, wato yunwar ciki, wadda take zuwa sannu a hankali bayan jiki ya ƙone abin da aka ci, kuma kowane abinci yana kashe ta, da yunwar zuci, wadda take faɗowa farat ɗaya bayan ɓacin rai ko kaɗaici ko fargaba, tana neman abu takamaimai mai zaƙi ko maiƙo, sannan ta bar mai ita da nadama. Likitar ƙwaƙwalwa Hilde Bruch, a littafinta na 1973, ta nuna cewa wasu mutane sukan kasa rarrabe ƙuncin zuciya da kukan ciki, musamman waɗanda aka saba rufe musu baki da abinci duk lokacin da suka yi kuka suna yara.

Lamarin yana da tushe a cikin jiki. Idan damuwa ta daɗe, wasu ƙananan halittu da suke bisa ƙoda sukan yawaita fitar da sinadarin kotisol, wanda yake ƙara sha'awar suga da mai, yayin da rashin barci yake ɗaga girelin, sinadarin da ciki yake aikawa ƙwaƙwalwa don sanar da yunwa, wanda aka gano a Japan a 1999. Zaƙin yana kwantar da hankali na ɗan lokaci, ƙwaƙwalwa kuma ta riƙe wannan hanya, har ta zama ɗabi'a.

A yankin Maiyama da Jega da Aliero, inda noman shinkafa da albasa yake riƙe da gidaje da yawa, matsalar takan ɓuya cikin al'amuran yau da kullum. Manomin da albasarsa ta fara ruɓewa a rumbu kafin farashi ya tashi yakan wuni a rumfar kasuwa yana bin ƙosai da lemon kwalba ba tare da jin yunwa ba. Ɗalibar jami'ar Aliero takan kwana tana tauna cincin a makon jarrabawa. Amaryar da aka kai garin da ba ta san kowa ba kuwa takan rufe ƙofa, ta jawo kwanon alkaki da dubulan na gara, tana ɗauka ɗaya bayan ɗaya har hannunta ya taɓa gindin kwanon. Da yake ana yi wa ƙiba kallon alamar hutu, sai a ce "gidan ya karɓe ta", alhali kewar gida ce take cin ta. Hausawa sun ce ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, suna yabon mai haɗiye sirri, amma damuwar da aka haɗiye aka hana ta fita sau da yawa da abinci ake danne ta.

Illar ba ƙarama ba ce, domin Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a 2015 cewa sugan da ake ƙarawa a abinci kada ya kai kashi 10 cikin 100 na ƙarfin da jiki yake samu a rana, kimanin giram 50 ga baligi, adadin da babbar robar lemo guda takan cike shi, kuma ɗorewa a kan haka yana share wa ciwon suga da hawan jini hanya.

Maganin ba ya cikin horar da kai da yunwa, don wanda ya ƙi karin kumallo saboda nadamar daren jiya shi ne yake afka wa kayan kwalam da maƙulashe da yamma. Abin da ya fi amfani shi ne mutum ya tsayar da lokutan cin abinci, ya zauna ya ci tare da iyali a hankali, tunda saƙon ƙoshi yakan ɗauki kusan minti 20 kafin ya isa ƙwaƙwalwa, wanda hakan ya dace da koyarwar hadisin da ya raba ciki uku tsakanin abinci da ruwa da numfashi. Idan sha'awar ta taso, ya tambayi kansa ko zai iya cin tuwon jiya a wannan lokaci. In amsar a'a ce, to zuciya ce take magana, sai ya ambaci abin da yake damunsa da sunansa, ya yi alwala, ya taka zuwa gona ko majalisa, ko ya kira ɗan uwan da ya amince da shi. Wanda ya kai ga cin abinci mai yawa a ɓoye har ya kasa tsayawa, ko yake jin ƙunci na makonni, ya kamata ya ga likita, domin wannan cuta ce da ake magancewa. 'Yan uwan amarya kuma su tuna cewa ziyara da hira sun fi mata amfani a kan aiko da wani kwanon nakiya.