Yunwa da Funfuna a Cikin Amya

Matafiyin da ya bi hanyar Tambuwal zuwa Kebbe da rani zai ga amyoyi a rataye bisa rassan ɗorawa da kaɗanya. Mai amya zuma yake jira. Amma yawan zumar da zai samu ya dogara ne da lafiyar wasu ƙananan fararen tsutsotsi da ke kwance cikin ramukan saƙa, waɗanda ba kasafai ake kula da su ba.

Ƙwan da sarauniya ta saka yakan ƙyanƙyashe bayan kwana 3. Daga nan tsutsar ba ta da wani aiki sai ci. Cikin kwana 6 nauyinta yakan ninka fiye da sau 1,000, sannan a rufe raminta da kaki, ta fito cikakkiyar ma'aikaciya a rana ta 21. Da fari ana ciyar da ita wani farin ruwa mai kauri da matasan ma'aikata ke fitarwa daga kawunansu, daga baya a haɗa mata da zuma da garin fure. Zuma ƙarfi kawai take bayarwa. Garin fure shi ne abinci mai gina jiki, kuma ma'aikaciyar da ba ta ci shi ba, ba ta iya samar da wannan farin ruwa isasshe.

Funfuna, wadda Basakkwace ke kira hunhuna, tana da iri biyu da ke kashe tsutsar zuma. Ta farko sunanta a kimiyyance Ascosphaera apis, kuma a Jamus aka fara bayyana cutarta a 1913. Tsutsa takan haɗiye ƙwayoyin irinta tare da abinci, su tsiro a hanjinta, zaruruwansu su ratsa jikinta, ta mutu ta sandare fari fat kamar alli. Ta biyu ita ce Aspergillus, dangin funfunar nan da ke ɓata gyaɗa da masara idan an adana su da danshi. Ita kuwa takan mai da tsutsa tamkar tsakuwa.

Ƙwayoyin Aspergillus suna ko'ina, a ƙasa da iska, har cikin amya mai lafiya. To, me ya sa wata tsutsa ke kamuwa, wata ta tsira? A 2012 masana a Jami'ar Leeds ta Ingila suka yi renon tsutsotsi a ɗakin gwaji, suka rage wa wasu ingancin abinci, sannan suka sa musu funfunar. Waɗanda aka tauye wa abinci su suka fi mutuwa, amma da aka ƙara musu garin fure sai juriyarsu ta ƙaru. Ashe yunwa ce ke buɗe wa cutar ƙofa.

Sanyi ma yana da hannu. Ƙudan zuma kan riƙe ɗumin wurin reno a kan digiri 34 zuwa 35. In suka yi ƙaranci, ko amya ta tsage iskar hunturu na shiga, tsutsotsin gefe sukan yi sanyi, cutar alli ta samu dama.

A nan ne itatuwa ke shigowa. Bayan an girbe amfanin gona, ciyayi sun bushe, gawo ne ke fara fure, kaɗanya da mangwaro su biyo baya, ɗorawa ta fitar da tutunta gab da bazara. Kowace bishiya tana cike gurbin wasu makonni. Idan masu gawayi suka sare kaɗanyar wani daji, ko gobara ta cinye ta, sai a bar amya da makonnin da babu garin fure, alhali sarauniya tana ta ƙwai.

Ƙudan zuman Afirka suna da saurin jefar da matattun tsutsotsi waje, kuma in wahala ta yi yawa sukan bar amyar su ƙaura. Saboda haka mai amya zai iya duba ƙasan bishiyarsa da bakin amya. In ya ga ƙananan dunƙule farare ko masu ruwan toka, masu tauri, to ya cire tsohuwar saƙar ya ƙone, domin ƙwayoyin cutar alli suna iya rayuwa cikinta har shekara 15. Ranar ɗibar zuma kuma ya bar wa ƙudan saƙar da ke ɗauke da garin fure da 'ya'ya.