Harshen Takardar Kuɗi a Kan Iyakar Illela da Konni

Tsakanin Illela ta jihar Sakkwato da Birnin Konni ta jihar Tawa, naira da sefa suna kwana a aljihu ɗaya. Ɗan canji yana bambance su da launi, amma ɗalibin harshe yana da wata hanya: rubutun da ke jikinsu.

Sefar Afirka ta Yamma ba ta ɗauke da sunan wata ƙasa. Abin da ke kanta shi ne sunan babban bankin BCEAO mai hedkwata a Dakar, da Faransanci zalla, domin ƙasashe takwas ne ke amfani da ita. Sai dai kusa da lambar kowace takarda akwai harafi guda da ke nuna ƙasar da aka fitar da ita dominta: H na Nijar, B na Binin, C na Burkina Faso, D na Mali, K na Senegal, T na Togo, A na Kodibuwa, S na Gini Bisau. Takarda mai harafin K da aka karɓa a kasuwar Malbaza ta yi doguwar tafiya, amma darajarta ba ta ragu ba. Wadda ya kamata a yi hattara da ita ita ce sefar bankin BEAC ta Kamaru da Cadi, domin ba kuɗin Nijar ba ce.

Ita kuwa naira tana faɗin sunan ƙasarta da Ingilishi. A kan takardun 200 da 500 da 1000 akwai rubutun da wasu ke ɗauka Larabci ne, alhali Hausa ce da ajami: naira ɗari biyu, naira ɗari biyar, naira dubu. A 2007 aka cire ajami daga ƙananan takardu, aka sa Hausa da Ibo da Yarbanci da haruffan boko.

Bakin 'yan kasuwa ma yana da nasa lissafin. A Konni takardar 500 dala ɗari ce, ta 1000 kuma jikka, yayin da jaka a Nijeriya naira 200 ce. Wanda bai san wannan ba yana iya tafka asara a ciniki guda.

A 2025 Nijar ta ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa. Har yanzu dai kuɗin da ke hannun mutanen Konni ba ya jin Hausa, na maƙwabtansu ne ke ji.