Baƙo a Ɗakin Soro: Gaskiya da Ƙarya Kan Zaman Haɗaka a Maiduguri

Tun kafin a ƙirƙiro manhajar hayar gida ta Airbnb a Amurka a 2008, mutumin Barno ya san raba gida da baƙo. Da rikicin Boko Haram ya tarwatsa Gwoza da Bama a 2014, sannan Baga a farkon 2015, mafi yawan waɗanda suka gudo Maiduguri a gidajen 'yan'uwa da na bayin Allah suka sauka, sansanoni suka ɗauki ragowar. Gidan mutum goma ya koma na talatin. Daga nan maganganu suka yi yawa kan abin da wannan zama ya yi wa muhalli, wasu da ƙamshin gaskiya, wasu kuwa shaci-faɗi.

Mu fara da mafi muni. Bayan ambaliyar 10 ga Satumba, 2024, an ji masu cewa cunkoson baƙi ne ya jawo ta. Wannan ƙarya ce. Madatsar ruwa ta Alau, wadda aka gina a kan kogin Ngadda a shekarun 1980, ita ce ta ɓalle bayan mamakon ruwan sama, ruwan ya mamaye Gwange, ya shiga fadar Shehu da Kasuwar Monday da asibitin koyarwa. Garin ya taɓa shan irin wannan ambaliya a 1994, lokacin da babu ɗan gudun hijirar Boko Haram ko ɗaya. Abin da za a iya yarda da shi kawai: gini a bakin kogi da ledar da ta toshe magudanai sun ƙara ɓarna. Ledar kuwa ɗan gari da baƙo duk suna zubarwa, kada mu yi wa kanmu ƙarya.

Sai masu cewa zaman haɗaka yana rage ɓarna. Nan akwai gaskiya. Leƙa tsakar gida da hantsi ka gani: tukunya ɗaya ce babba a kan murhu, matan gida uku na zagaye da ita. Da kowace ta hura nata, gawayin da zai ƙone ya fi haka nesa ba kusa ba. A garin da itace ke zuwa daga dajin da ya riga ya yi sanƙo, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Lokacin da aka karya turakun lantarki na hanyar Damaturu a Janairun 2021 gari ya faɗa duhu, janareta ɗaya ya riƙa haska iyalai da yawa. Ɗakin da aka ba baƙo kuma ya hana buga sabon bulo.

Sai dai masu wannan yabo sukan manta da bayan gida. Rufi da murhu suna rabuwa, masai kuwa cika yake yi. Ramin da aka haƙa don mutum goma ba zai ɗauki talatin ba, kuma a unguwanni da yawa yana dab da rijiyar burtsatsen da 'yan ga-ruwa ke cika jarkokinsu. Da damina ta sauka, sai a gauraya. Kwalarar da ta ɓarke a sansanin Muna Garage a 2017 ta nuna abin da cunkoso da gurɓataccen ruwa ke haifarwa.

Matasa kuma na yawo da zancen cewa hayar gida ta manhajar waya ta fi otal sauƙin illa. Binciken da aka fi kafa hujja da shi, na 2014, kamfanin Airbnb ne da kansa ya sa aka yi, kuma mai kaya ba ya kushe kayansa. In ɗaki ne a gidan da mai shi ke zaune, zancen na iya tsayawa. In kuwa gida guda aka ware wa baƙi, da na'urar sanyaya ɗaki da janareta dare da rana, otal ne aka sauya wa suna. Birnin Basalona na Sifen ma ya sanar a 2024 cewa zai soke lasisin irin waɗannan gidaje zuwa ƙarshen 2028, saboda tsadar haya ta kori 'yan gari.

Don haka, maigida, in ka buɗe wa baƙo ƙofa, Allah Ya saka da alheri. Amma ka auna tazarar masai da rijiyarka: masana lafiya sun ce kada ta gaza mita 30. Ka kuma sa a kwashe ramin kafin ruwan farko ya sauka.